Ranar da na sa aka nome kuɓewar Iya

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta da wata safiyar Lahadi a Gaya, shekarar da na shiga ƙungiyar matasan unguwarmu. Yanzu ina Yamai, amma da zarar damina ta faɗi, sai in ji zuciyata ta koma can.

Gaskiya ba son aikin gayya ya kai ni ƙungiyar ba. Na gama lise, wato sakandare, ina zaman jiran sakamako, sai na ga samari da 'yan mata suna yashe magudanun ruwa sanye da riguna iri ɗaya, mutane suna sa musu albarka. Rigar nan na yi wa kwaɗayi, da kuma a ce ga ni a gaba, don tun ina ƙarami nake da rawar kai.

Ƙungiyar tana da wata al'ada. Kowane aiki ana ba mutum ɗaya jagoranci, ko da sabon shiga ne. Sharaɗin kuwa ɗaya ne: kafin fartanya ta taɓa ƙasa, jagora zai je da kansa ya gaida masu wurin, ya zauna, ya tambaye su abin da suke so a yi musu. Shugabanmu, wani dogon saurayi mai sanyin magana, ya fi riƙe wannan sharaɗi da komai. Ni kuwa ɓata lokaci na ɗauke shi.

Da sauro ya yi yawa, aka tsai da shawarar share ciyayin unguwa, aka ba ni bayan gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Ita kaɗai take zaune, kuma ta yi mako biyu a gidan likita, ranar Asabar ɗin aka sallamo ta. Shugaba ya tafi Doso. Na ce a raina, mai jinya za a tasa da tambayoyi? Ai gara ta farka ta ga wuri fes ta yi murna. Safiyar Lahadi na tara mutum goma sha biyu muka faɗa wa filin. Wata 'yar ƙungiya ta tsaya ta ce mini wasu ganyayen sun yi kama da shuka. Na yi mata dariya, na ce ta bar mana ilimin noma ta kama aiki. Dukanmu 'ya'yan 'yan kasuwa ne da direbobi, kuɓewa a cikin miya kawai muka san ta.

Mun gama muna tara ciyawa sai ga Iya ta fito da sanda. Ta daɗe tana kallon filin. Sannan ta durƙusa da ƙyar, ta zaro wani tsiro daga cikin tarin, ta kakkaɓe masa ƙasa.

"Ɗiyana, mi kunka yi mini?" in ji ta. "Wanga irin kuɓewa daga ɗakin uwata na zo da shi ranar da anka kawo ni garin ga. Na ƙarshen ke nan na shuka."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Har ruwa ta sa aka kawo mana. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, rigar da nake taƙama da ita ta yi mini nauyi.

Da shugaba ya dawo, na shirya wa kora. Bayan la'asar muna shan shayi, ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce jagorancin bai ƙare ba, yana nan a hannuna. Abin da na tsallake shi zan koma in yi. Haka na je na zauna a tabarmar Iya ina sunkuyar da kai, na tambaye ta abin da take so. Ta ce irin kasuwa ba ya yi mata, nata gajere ne mai jan kai, mai yauƙi. In akwai inda ya rage a duniya, to wurin ƙanwarta ne a wani ƙauye kusa da Bengu, kuma rabonsu da juna shekara shida.

Washegari na ari keke na kama hanya, taɓo har gwiwa a wasu wuraren. Na samu ƙanwar tana gyaran shinkafa. Da ta ji saƙona ta yi dariya har da hawaye, ta ce wato mu ne 'yan birnin da ke noman taimako. Ta shiga madafa ta kunto busassun kuɓewa uku da hayaƙi ya baƙanta, ta ƙulle mini a gefen tsumma. Ta ce in gaya wa yayarta, in kuɓewar ta yi, za ta zo cin miya da kanta.

Mun sake shuka, Iya na zaune a kan turmi tana nuna mana tazara da sandarta. Duk yamma sai mun leƙa. Kuɓewa ta yi, ƙanwar kuma ta cika alkawari. Muka zauna mu goma sha uku a tsakar gidan, muna cin tuwon dawa, tsofaffin biyu suna ta yi mini tsiya. Ban ƙara cin miyar da ta kai wannan daɗi ba.

Iya ta rasu da daɗewa. Shugaba yana Kwatano, sauran kowa ya kama gabansa, sai gaisuwar waya jifa-jifa. Ina kewarsu ƙwarai, ina kewar zaman shayin nan da ƙamshin ƙasar Gaya bayan ruwa. Abin da ya rage mini shi ne irin da Iya ta damƙa mini ranar da zan bar gari. Duk shekara ina shuka shi a bayan ɗakina.

Yau mutane da dama suna aiki a ƙarƙashina, kuma duk lokacin da na ji ina ɗokin yi wa wani alheri, sai in tuna Iya durƙushe tana kakkaɓe tsiron nan. Na koyi cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Kafin ka ɗaga fartanya don wani, je ka zauna a tabarmarsa ka tambaye shi.