Yadda Na Sayar Da Gurbin Karatun Da Babu Shi

A Tudun Wada aka haife ni, a nan Minna. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakana garin, mahaifina kuwa tela ne, kuma da keken ɗinkinsa ya ɗauki nauyina har na gama digiri. Burina in yi digiri na biyu in zama malamin jami'a. Amma bayan bautar ƙasa aiki ya ƙi samuwa, kuɗin makaranta kuma ya fi ƙarfin gidanmu.

Ina cikin wannan zama Yaya Sabo ya nemo ni. Aminin yayana ne marigayi, a kwano ɗaya suka tashi suna cin tuwo a gidanmu. Ya ce ya buɗe ofis wajen Bosso yana samar wa matasa tallafin karatu a ƙasashen waje. Aikina in kawo masu nema su biya kuɗin rajista, nawa gurbin kuma yana ajiye kyauta. "Kai amana ce yayanka ya bar mini," in ji shi. Da ya ce asusunsa na banki ya samu matsala, a riƙa turo kuɗin ta nawa, ban kawo komai a raina ba.

Wata rana na same shi gaban kwamfuta yana tsara takardar samun gurbi da hannunsa, yana liƙa mata tambarin wata jami'ar Turai. Na tambaye shi, sai ya yi dariya ya ce kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Ya miƙo mini sabuwar waya a kwalinta. Na san a ranar cewa babu gurbi, ba nasu ba, ba nawa ba. Na karɓi wayar. Washegari ma na dawo aiki.

Cikin waɗanda na kawo bayan nan har da Rifkatu, abokiyar karatuna a jami'a, 'yar Kudancin Kaduna da iyayenta suka zauna a Ketaren Gwari. Lokacin da na yi jinya a aji uku, littattafanta ne suka fitar da ni jarrabawa. Mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta da injin markaɗe take riƙe gida. Rifkatu ta dube ni ta ce, "Ka tabbata? Mama injinta za ta sayar." Na rantse mata da Allah. Ranar da na je karɓar takardunta, tsohuwar ta zuba mini fate, ta kira ni ɗanta, ta sa mini albarka.

Da lokacin tafiya ya wuce ba wanda ya ga biza, mutane suka taru a ƙofar ofis, suka tarar da kwaɗo. 'Yan sanda a shagon mahaifina suka kama ni, a gabansa. Asusu nawa ne, lambar waya tawa ce, ni kowa ya sani. Da aka gano Yaya Sabo, da lauyansa ya zo. Ina zaune a ƙasa ba riga na ji Yaya Sabo yana cewa wani yaro ne ni da ke zuwa buga takardu a ofishinsa, ko gidanmu bai sani ba. Ko kallona bai yi ba. Ya shiga motarsa ya tafi, ni aka kai kotu.

Rifkatu ta ba da shaida ba ta ɗaga murya ba. Da za ta sauka ta ce, "Da baƙo ne ya cuce ni, da ban ji zafi haka ba."

A gidan yari na daɗe ina kwana ina tashi da Yaya Sabo a zuciya, ina tsine masa. Sai daga baya na gane abin da ya yi mini shi na yi wa yarinyar nan, kuma ni da rantsuwa na haɗa. Mahaifina bai taɓa zuwa duba ni ba. Ina ciki ya rasu.

Da na fito na je neman gafara wajen Rifkatu da mahaifiyarta. Na tarar da tsohuwar tana tuya a bakin hanya, Rifkatu kuma tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, tana digiri na biyu a ƙarshen mako, da adashi da ɗan tallafin da ta nema da kanta a hukuma, ba ta ba kowa sisi ba. Tsohuwar ta ce ta yafe. Rifkatu ta ce ta bar wa Allah, amma kada in ƙara taka ƙofarsu.

Ku matasa masu digiri a hannu ba aiki, na san zafin zaman. Ku nemi tallafi a hukumar da ke bayarwa, ku je da ƙafarku, ku tambayi malamanku na jami'a, ko ku kama ƙaramin aiki ku yi karatun a hankali. Tallafin gaskiya ba a sayensa. Kada ku ara wa kowa asusunku, ko ɗan ɗakinku ne. Ranar da kuka gane ƙarya ce, ku tashi a ranar. Ni na zauna, kuma har yau in na shiga masallacin unguwarmu, mutane kan shafa aljihunsu.