Ranar da Yaya Sule Ya Ɗaura Injin Ido Rufe

Duk wanda ya san Yaya Sule a Yakasai ya san shi da taɓarya. In aka kawo masa mota ba ya tambayar direba komai, wai bai taɓa ganin direban da ya faɗi gaskiya ba. Sai ya aika a ɗauko taɓaryar matarsa, ya kafa kai ɗaya a jikin injin, ɗaya a kunnensa, ya yi tsit. Sau nawa aka yini ba a daka fura ba a gidan nan. Da baiwar Allah ta gaji ta sayo masa tasa, ya gwada sau ɗaya ya ce wannan kurma ce, a miƙo tsohuwar.

Ni Garba ƙanensa ne, tela, ba abin da ya haɗa ni da baƙin mai. Shi ne ya bar ƙira ya koyi injin wurin masu jirgin ƙasa, zamanin da motocin birnin nan ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Abin da ba ku sani ba, yau zan faɗa tunda ƙasa ta rufe shi: a shekarunsa na ƙarshe idonsa ya tafi, sai dishi-dishi. Ya ce ranar da aka ji, ba mai sake kawo masa mota, sai a ajiye shi a zaure ana yi masa sannu. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, na zama idonsa. Ɗinkin mutane na jibge, ni ina tsugune ina leƙen ƙarfe. Wallahi mutumin nan ya gajiyar da ni.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce motar Alhaji Inuwa mai sayen gyaɗa. Kullum wani Kwara, cikin Larabawan nan masu sayen gyaɗa, na riga shi isa kasuwar Wudil, sai ya ce a sa tasa ta yi gudu. Yaya ya kwance injin kaf, ya baza a tabarma, ya goge ya mayar, har aka zo kan kamshaf, sandar ƙarfen nan mai ƙusumbi da ke buɗe bawul ta rufe. Giyarta da giyar ƙasa kowace na da ɗigon da Turawa suka buga don a haɗa su daidai. Yaya ya ce Bature ya buga ɗigon nan ne don kai matarsa shan iska, shi haƙorin giya ɗaya zai gusa gaba don ƙarin gudu. Ya zura kara a ramin fulogi don ya ji fistin ya hau ƙoli, ni kuwa ina juya handil, ƙarfen da ake murzawa a tada mota, ina ƙirga masa haƙora. Juya kaɗan, ka wuce, koma, yini biyu cur. Na ce kafaɗata ta mutu, ya ce mai aiki da allura me zai yi da kafaɗa.

Ranar gwaji aka tura ta bakin Ƙofar Nassarawa, jama'a sun taru. Ina murza handil ta yi wata irin atishawa, wuta ta yo waje ta kafireto, inda mai ke bi ya shiga injin. Jakunan masu itace suka watse, Alhaji ya shafa gemunsa ya ji ko da saura. Nan take na gane laifina: mai ya rufe ɗigon, na kama wani tabo daban na ƙirga daga nan. In Yaya ya ce ni ne, za a tambayi me ya kai tela cikin injin. In ya duƙa neman ɗigo, kowa zai ga laluɓe yake yi.

Yaya ya dubi wajen Alhaji ya ce, "Gaisuwa take yi maka."

Ya kwance murfi, ya runtse ido gam a gaban kowa, ya ɗora yatsu kan bawul, ya ce in juya. Ina juyawa yana ji da hannu, har ya ɗaga yatsa na tsaya. Ya zare giya, ya gusa ta, ya mayar ya ɗaure. Murzawa ɗaya ta tashi lafiya lau. Ni ina ta haki, shi kuwa ya raɗa mini in zo da wuri gobe, kuma in wanke fuska sosai.

Alhaji ya riga Kwaran nan isa Wudil a makon, sa'an nan ya shiga gari yana bazawa cewa Sule ido rufe yake ɗaura injin, tsabar gwaninta. Abin ya kai har masu mota ba sa yarda sai ya rufe ido. In ya manta, su ke tuna masa. A haka ya ƙara shekara huɗu yana aikinsa, har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Ranar sadakar uku na ja Alhaji gefe, na ce akwai abin da muka ɓoye masa.

Ya ce, "Malam Garba, tun ranar da na kawo motar na sani. Na miƙa masa hannu, ya kamo iska. To me zan ce wa mutane? Na ce gwaninta ce, kuma ban yi ƙarya ba."

Na zauna a dakali na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Allah Ya jiƙan Yaya Sule, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Alhaji Inuwa kuma, Allah Ya rufa masa asiri duniya da lahira yadda ya rufa mana. Amin.