Ranar da Iya Ta Karɓi Gaisuwa

Kakata, wadda muke kira Iya, sau ɗaya tak ta taɓa ganin mutuminta ido da ido. Babban ɗan siyasa ne. Ya zo zagayen gonakin rani tun ina goye, ƙishi ya kama shi a bakin kanal ɗin ban ruwa kusa da gonarmu, Iya ta miƙa masa fura a ƙwarya. Ya shanye, ya sa albarka, ya wuce. Shi ke nan fa! Amma a gidanmu furar nan ta mai da shi ɗan uwa. In muryarsa ta fito a rediyo, ko akuya ba ta isa ta yi kuka ba. Mu jikoki kuwa, har cika baki muke yi a makaranta da furar da ba mu gani ba.

Ranar da aka sanar da rasuwarsa ana tsakiyar tsinkar tumatir. Iya ta yi salati, ta sa aka share tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi. Wai za ta karɓi gaisuwa.

Babana ya ce, "Haba Iya, wa zai zo? Kowa yana gona. Mu su wa a wurinsa?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ya ɗau kwandunansa ya fice.

Na zauna kusa da ita tana jan carbi. Har yau yinin nan kamar a mafarki yake dawo mini: kukan injin ban ruwa can nesa, inuwar darbejiya tana rarrafe a kan tabarmi, kaji suna ratsawa. Azahar ta yi, shiru. Duk motsin da aka yi a zaure sai Iya ta gyara mayafi. Wallahi ta ba ni tausayi.

Sai bayan la'asar muka ji sallama. Mata masu turara shinkafa ne, da ƙanshin hayaƙi a jikinsu. Sai ga Fulanin rugar bayan kanal. Sai maza suka fara cika ƙofar gida, ƙafafu duk taɓo, suna aiko da gaisuwa ciki.

Babana ne ya shigo a ƙarshe. Ya tsaya yana kallon takalman da suka cika zaure. Ya tuɓe nasa, ya durƙusa a gaban uwarsa.

"Iya, ya ƙarin haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya." Sai a lokacin ta fashe da kuka.