Ranar da Na Yi wa Siginar Yaya Habu Dariya

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Habu, ɗan wan mahaifina, wanda ya riƙe sigina a tashar jirgin ƙasa ta kusa da Haɗeja zamanin Turawa. Shi ya sama mini aiki a tashar. Na sha ba da labarinsa, amma kullum akwai wurin da nake tsallakewa.

Ga wanda bai riski lokacin ba, sigina dogon ƙarfe ce a gefen layin dogo, da hannu a samanta. In hannun ya miƙe, direba ya tsaya. In ya sunkuya, hanya a buɗe take. Yaya Habu ke jan liba, wato wani sandan ƙarfe, daga tasha, waya ta bi ta kan 'yan ƙafafun ƙarfe masu juyawa har bayan gari, ta motsa hannun. Nawa aikin shi ne bin wayar nan, in share laka, in zuba mai.

Wata damina kogi ya cika ya malalo fadama, ya nufi gonar shinkafata. Kwana uku ina can ina datse ruwa, ban leƙa waya ba. A na huɗu da hantsi, Yaya Habu ya mayar da liba kan tsayawa, amma laka ta riƙe wayar, hannun ya zauna a sunkuye. Jirgin kaya daga Kano ya shigo ya daki taragu biyu da ke tsaye. Ba a rasa rai ba, sai dai mai zuba wa injin gawayi ya rasa ƙafa. Ana can ana ɗaukarsa, ni kuwa na zame na kankare lakar tas.

Yaya Habu ba ya jin Turanci, don haka kafin ranar bincike ya ƙera ɗan ƙaramin kwatankwacin tashar da gwangwani da karan dawa. Bai bar komai ba: liba, waya, hannu, har gilashi ja da kore daga fasassun kwalabe. Ya ajiye a teburin Baturen bincike, ya ja, hannu ya sunkuya, ya mayar, ya miƙe. Sannan ya shafa laka a wayar. Hannun ya maƙale.

Baturen ya ce, ta bakin tafinta, bai zo kallon kayan wasan yara ba. Ofis ya fashe da dariya, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Aka juyo kaina.

"Kai ne mai bin waya. Akwai laka?"

"Ranka ya daɗe, a je a duba," na ce.

Aka duba, aka same ta fes. Aka sallami Yaya Habu da sunan sakaci. Ya koma cikin Haɗeja yana ƙera fitilun aci-balbal a kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuwa na yi ta gaba a aiki. Duk Sallah nakan je gaishe shi, ya shimfiɗa mini tabarmarsa, ya tambayi iyali. Har aka binne shi bakina bai buɗe ba.

Kwanaki aka nuna mini a wayar salula irin ƙananan jiragen ƙasa na wasa da masu sha'awa ke ƙerawa a ƙasashen waje, da siginoni masu fitilar lantarki. Na san da Yaya Habu na raye, kyansu ba zai ruɗe shi ba. Da zai tambaya ne, in wani abu ya lalace, kan ja take tsayawa ko kan kore? A wurinsa abin da ke raba sigina da ado ke nan. Ban san me zai ce ba in ya ga ta tasharmu yau, tsatsa ta cinye hannun.

Bara na tattara ƙarfin halina na je wurin babbar 'yarsa, Hajiya Larai, na faɗa mata komai.

"Baba Sale, ai mun sani," ta ce. "Daga tasha ya hango ka kana kankarewa. Ya ce yaranka ƙanana ne, mu kuma mun tasa. Ya hana mu faɗa, ya hana mu daina gaishe ka."

Bai bar gida mai kyau ba, bai bar suna a takardun aiki ba sai na mai sakaci. Abin da ya bari 'ya'ya ne da suka shekara sittin suna durƙusawa suna gaishe ni, alhali sun san abin da na yi. Masu karatu, ku shaida: Habu bai yi sakaci ba, ni na yi. Allah Ya jiƙansa, ni kuma ku roƙa mini gafara.