Masu Gadin Tafkin Goggo Benvinda

Goggona Benvinda ba ta taɓa son kada ba, kar wani ya yi mata ƙarya don ta mutu. Kada ya cinye mata kare, ya cinye agwagi, ya gutsure mata yatsu biyu na hannun hagu. Kullum da safe sai ta tsine wa kadojin kafin ta tura kwale-kwalenta cikin tafki. Amma ka ce za ka kashe ɗaya, ka ga tashin hankali.

Tun da mijinta ya rasu, da mashi da ƙugiya ta ciyar da 'ya'yanta daga tafkin nan, kifi bai taɓa yankewa ba. Dalili kuwa, manyan jiragen masunta na birnin Manaus ba sa shigowa, don duk wanda ya shimfiɗa taru kadoji sun yayyaga shi. Takan ce kada mugun kare ne, amma shi ke gadin gida.

Sai ga masu sayen fatar kada. Wa ya shige musu gaba? Valdeci, ɗanta na cikinta, shashashan banza! Ita ta koya masa kukan jaririn kada yana yaro, don wasa. Da wannan kukan ya riƙa kiran iyayen, suna tahowa ceton ɗa, yana sara musu gatari a ka. Bakin tafki ya cika da wari da ungulaye. Aka ba shi injin kwale-kwale, ya bi gari yana hura hanci.

Ta yi faɗa, ta yi roƙo, har wurin limamin coci ta kai ƙara. Valdeci ko cewa ya yi ai taimakonta ya yi, yanzu jikoki sa yi wanka hankali kwance.

Ruwa na janyewa jiragen suka shigo. Babu mai yaga taru. Suka kwashe komai, har 'yan ƙananan kifayen da ba su kai tafin hannu ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ina wurin ranar da Valdeci ya dawo daga birni ya ajiye mata kifin gwangwani.

"Inna, ga kifi."

Ta ɗaga hannun nan mai yatsu uku.

"Wanda ya ci mini wannan ya bar mini tafki. Kai da na ba nono, me ka bar mini?"

Ta jawo garin rogonta ta jiƙa da ruwa. Shi ta yi ta ci gaya, ba kifi, har ta koma ga Allah.