Ranar da na ɗaga wa Yaya bulala

Malaminmu na lissafi a sakandare, a Birnin Kebbi, yana da doka: wanda ya ci tambaya shi zai yi wa waɗanda suka faɗi bulala. In ka sassauta hannu, ya karɓa ya gwada maka a jikinka, sannan ya sake yi wa mutumin.

Ajinmu ɗaya da yayana, don ya maimaita shekara. Tun daga garinmu Argungu shi ke ɗaukar mini akwati, shi ke tare mini faɗa. A gidanmu ko harara ƙane bai isa ya yi wa wansa ba.

Ran nan da farkon damina Malam ya rubuta tambaya a allo. Ƙarfin da iska ke tura zana da shi yana bin faɗin zanar, yana kuma bin gudun iskar in an ninka shi da kansa. Faɗi ya ƙaru sau biyu, gudu sau uku. Ƙarfin ya zama sau nawa?

Aka fara daga gaba. Shida. Shida. Duk wanda ya faɗa, Malam ya nuna masa gindin bango. Yaya ya kalli rufi, shi ma ya ce shida.

Ni kuwa na riga na yi lissafin har sau biyu a takardata. Uku sau uku tara, sau biyu sha takwas. Na rufe da tafin hannu. In na ce shida, na bi sahu, Malam ya dake mu duka, shi ke nan.

"Kai, bebe," in ji Malam. "Ɗauke hannunka. Mi kas samu?"

Ya riga ya gani. Na ce sha takwas.

Na bi layi da bulala, ban kalli fuskar kowa ba. Da na iso gaban Yaya hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Ya miƙo tafinsa, ya ce a hankali, "Buga da ƙarfi, ƙane. Kada ka sa in sha sau biyu."

Na buga. Ƙarar ta cika ajin, Malam ya gyaɗa kai.

Da aka tashi na ƙi zuwa ɗakin cin abinci. Yaya ya same ni a gindin dogonyaro, ya ajiye kwanon shinkafa tsakaninmu, yana hura tafinsa.

"Ashe kana da hannu," ya ce. "To ci. In ka gama ka nuna mani inda tara ɗin nan taf fito."