Ratar da ta cinye muryar Baba

Shekara da shekaru Baba yana tafsiri bayan la'asar a wani ƙaramin masallaci a unguwarmu Treichville, da tsohuwar lasifika guda mai ƙarar tsiya. Ni ne sarkin karambani da na ce bana sai an ji shi har wajen mata. Gyaran kayan sauti nake yi, kuma a lokacin kaina rawa yake.

Na shiga kasuwar Black Market a unguwar Adjamé na tsinto ƙananan lasifika takwas, zan jera su a tsaye cikin dogon akwati ɗaya. Irin wannan jeri manne su ake yi kafaɗa da kafaɗa, na san haka sarai. Amma kawuna, mai zayyanar alluna, ya ce kayan masallaci ba ya zama tsirara, a bar masa taki ɗaya tsakanin kowace biyu ya rubuta aya. Wa zai ja da kawu? Na ce to. Akwati ya yi kyau kuwa, har hoto aka riƙa ɗauka.

Ranar farko ta azumi na zaga cikin jama'a ina saurare. Kaurin murya yana isa ko'ina, shi ba ruwansa da rata. Amma siririn sauti, wanda ke fitar da harafi tas, na kowace lasifika yana isa kunne a lokacinsa daban, sai su cinye juna. A wannan sahu ka ji Baba garau, ka matsa kaɗan ka ji kamar da tuwo a bakinsa.

Kafin goma ga wata tsegumi ya cika unguwa, wai Malam ya tsufa, harshe ya yi nauyi. Dattawan masallaci suka fara zancen wani matashin malami daga Adjamé Liberté. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rantsuwa laifin akwatina ne, har zane na yi musu a ƙasa. Suka sa mini albarka, wai ɗa na gari shi ke rufa wa uba asiri. Kamar in fasa ihu. Tsohuwar lasifika an ba da ita sadaka. Akwatin kuwa akwai aya a jiki, ba mai sa masa zarto. Kafinta ya ce sabo sai bayan salla.

Na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, wallahi muryarka lafiya lau, ni na ɓata."

Ya dube ni. "Kai ma ka fara lallashina?"

Washegari shi da kansa ya tashi ya ba matashin wuri. Matashin kuwa murya gare shi kamar ganga, ya ture makirfo gefe, kowa ya ji shi. Da aka shafa fatiha Baba ya miƙo mini littafin tafsirinsa, ya ce in kai gida in sa a saman kabad, inda jikoki ba za su taɓa ba.